Babban Kifin da Ya Bi Jirgin Clarrie

"Kifin tafkin Taupo, ko barci yake yi a ƙasan ruwa, in na ga dama sai na tashe shi." Haka Clarrie Pocock ya faɗa, bakinsa cike da dankali, a gaban dangin matarsa kaf.

In ba ka san Clarrie ba, abokina, ba ka yi asara ba. Tsohon dillalin inshora ne daga birni. Ya yi ritaya ya dawo bakin tafki da tumbi da hular kyaftin. Mu tsofaffin wurin muna ce masa Sarkin Ruwan Baho, shi kuwa rabin farko kawai yake ji.

Ana shirin bikin cikar surukarsa, Nana Ripeka, shekara casa'in. Matarsa Marama ta ce a sayi rago. Clarrie ya ɗaga hannu.

"Wane rago? Abin da Nana ta fi so za ta ci. Kifin tirawut mai hayaƙi, kowa ya ci ya bar saura."

"Clarrie, ka san doka ta hana sayar da shi. In ba ka kamo ba, babu kantin da zai rufa maka asiri."

"Shi ya sa na ce ni zan kawo."

Nana Ripeka ta dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba da shan shayinta.

Lokacin zafi ne, don a nan bayan sabuwar shekara ake zafi, kifi ya gudu can ƙasa inda ruwa ke da sanyi. Mai son sa sai ya ja fatsa a bayan jirgi a hankali, kuma sai cokalin ƙarfe mai ƙugiya da ke ruɗin kifin ya nutse ya same shi. Hanyarmu ta tsofaffi, zare mai dalma a ciki. Launinsa na sauyawa gaɓa-gaɓa, kana saki kana duban launi don ka san tsawon da ka saki, nauyinsa na kai shi ƙasa can nesa da jirgi. Naɗo shi kuwa sai kafaɗa ta gaya maka shekarunka.

Clarrie ya ce wannan aikin jakai ne. Ya sayo injin zurara dalma: curi guda kamar kwakwa, rataye da wayar ƙarfe. A jikin curin akwai ɗan maƙali irin na shanya, nan ake maƙala zaren fatsa siriri. Curi ya kai shi ƙasa, kifi ya cafka, zare ya fice daga maƙali, sai kai da kifinka. Ya haɗa da ɗan talabijin mai nuna ƙarƙashin ruwa. Takardar bayanin kuwa da ita ya kunna wutar gashi.

Doka ta ce mutum ɗaya, sandar fatsa ɗaya. Don haka ya ɗauki Hohepa, yayan matarsa, mutumin da ba ya magana sai dole, kuma ya rantse da zare mai dalma tun kafin ya yi furfura.

"Suruki, yau za a raba gardama," in ji Clarrie. "Kai da igiyar shanyarka, ni da ilimi. Wanda ya sha kaye shi zai feɗe kifin, sanye da atamfar da Marama ke ɗaurawa in za ta yi girki."

"Mai furannin?"

"Ita."

"Za ta yi maka kyau," in ji Hohepa.

Ana gobe biki suka fita da sassafe. Hohepa ya saki zarensa launi bayan launi, ya zauna ya buɗe burodi. Clarrie ya zurara curinsa yana bayani kamar malamin makaranta. Suka yi ta tafiya har rana ta ɗaga.

"Ƙanina," in ji Hohepa, "wancan cokalin da ke rawa a saman ruwa, na wa ne?"

Na Clarrie ne. Ya manta bai maƙala zaren ba. Tun safe dalma tsirara yake yawo da ita a ƙasan tafki.

"Gwaji nake yi," in ji shi. "Sai an fara sabar wa kifi da curin."

Ya naɗo, ya maƙala, ya sake zurarawa. Sai ya tuna bai kunna talabijin ba. Yana kunnawa ya ƙura masa ido. Ga wani baƙin layi mai kauri can ƙasa, yana tafe daidai da jirgi.

"Suruki, zo ka ga kakan kifi."

Hohepa bai taɓa yarda da talabijin ba, amma ya leƙo. "Lalle wannan babba ne."

"Duba wayo. In na sauke curi, sai ya sauka. In na ɗaga, sai ya taso. Bin cokalina yake yi, yana shawara."

To, kai da kake zaune a tudu ka riga ka gane. Curin dalmarsa Clarrie yake kallo a talabijin, ba kifi ba. Amma a cikin jirgi, da biki a gaba da mutunci a kan faifai, ba wanda ke gane komai.

"Bari in sha gabansa," in ji Clarrie.

"Kada ka yi kwana mai kaifi. Zarena na can baya."

"Zarenka ya yi ta kansa."

Ya murɗa sitiyari har ƙarshe. Jirgi ya juya a wuri ɗaya kamar kare mai bin wutsiyarsa. Can sai zaren Clarrie ya fice daga maƙali, sanda ta miƙe ta sake lanƙwashewa. Kafin ya buɗe baki, ta Hohepa ma ta sunkuya.

"Miji da mata ne," in ji Clarrie. Ya tsayar da inji. "Nawa ne mijin."

Aka shiga dambe. Clarrie ya ja, kifin Hohepa ya zabura da gudu. Hohepa ya dage ya naɗo, kwarkwaron naɗe zaren Clarrie ya yi kuka. Hohepa mai shiru-shiru sai ga shi ya zama maroƙin kansa.

"Tun ina yaro ban taɓa jin irin wannan ba. Ka gani ko? Dalmar kakanni. Naka jikan nawa ne."

"Jika? Nawa ya kusa cire mini kafaɗa."

Da hannu ɗaya Clarrie ya lalubo waya. "Marama, hura wutar hayaƙi. Ki ari babban tiren coci. A'a, duka biyun. Ki gaya wa Nana."

Mu kuwa muna kusa a jiragenmu. Da muka ga sanduna biyu a lanƙwashe, kowa ya naɗe fatsarsa, muka kewaye su. Nan ilimi ya ɓarke. Wannan ya ce a sassauta, wancan ya ce a matsa. Lofty Baines, wanda ya girme mu duka, ya ce daga yadda sandar ke rawa ya san macen tana da ƙwai. Uku daga cikinmu suka ga wutsiya. Ba zan faɗi sunayensu ba, don ɗaya yana ba ka labari.

Gumi ya jiƙa hular kyaftin. Hohepa yana numfashi kamar tsohon famfo. A hankali dai abin ya taso. Lofty ya tsallako jirgin da komarsa, ya durƙusa, ya kwaso.

Cokali biyu ne, ƙugiya cikin ƙugiya, a tsakiyar curin zare kamar sheƙar tsuntsu.

Jirage suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na duban wani dutse daban. Clarrie ya tada inji don ya bar wurin, farfela ta haɗiye sauran zaren Hohepa ta shaƙe. Lofty ne ya jawo su gida da igiya, a hankali, ta gaban duk masu wanka a bakin ruwa. Talabijin dai na kunne, kakan kifi na biye da su har gaɓa.

Washegari Clarrie ya shiga zauren biki kamar kazar da ruwa ya doka, da gwangwanin sadin a aljihu, ko za a rufa asiri. Sai ƙanshin gasasshen rago ya tare shi a ƙofa.

"Marama, yaushe kika sayi rago?"

"Ranar da ka ce kada a saya."

Ta miƙa masa atamfa mai furanni. Ta Hohepa ma tana nan, an aro daga maƙwabta.

Nana Ripeka ta kira su gabanta, jama'a na kallo. "To, 'ya'yana, wace hanya ta yi nasara?"

"Kunnen doki ne, Mama," in ji Hohepa. "Tasa ta kama ni, tawa ta kama shi."

Tsohuwa ta dube su sama da ƙasa, ta taɓa tumbin Clarrie da sandarta kamar mai tayin kaya.

"Na ga kamun," in ji ta. "A zamaninmu, irin waɗannan mayar da su ruwa muke yi."