Rasuwar Ƙofar Motar Lorraine, da Sunan Wanda Ya Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba, Lorraine Pelletier ta garin Moose Jaw ke sanar da dangi, maƙwabta da abokan zuwa coci rasuwar ƙofar direba ta tsohuwar motarta koriya. Ta rasu ranar Talata da hantsi a ƙofar gida, tana da shekara ashirin da 'yan kai. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Gordie ne, ƙanen Lorraine, uwa ɗaya uba ɗaya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Kullum Lorraine na yawon kai wa tsofaffin unguwa abinci mai zafi gida-gida, kuma ko sau nawa aka buɗe ƙofar aka rufe, ba ta taɓa ƙorafi ba, sai wannan 'yar gaisuwa tata, "ƙiii... gam." Da ƙugu ake tura ta in hannu na riƙe da kwanon miya. Tsoho Friesen, wanda idonsa ya yi rauni, da jin muryarta yake sanin abincinsa ya iso.

Ba a ɓoye ba, tana da lalura. In sanyi ya tsananta sakatarta kan daskare, a rufe ta ta dawo. Lorraine ta san halinta: ta ɗaure ta da gyale, ta kunna hita mai ɗumama cikin mota, kafin a kai gida na uku ta warke.

A haka Gordie ya same su. Ba gayyatarsa aka yi ba, karin kumallo ya biyo. Ya tsaya da kofin kofi a hannu yana dariya.

"Haba Yaya, mota da gyale kamar mai mura? Matsa ki ga aikin maza."

"Gordie, kar ka taɓa min ƙofa."

"Na ga yadda ake yi a waya."

Kafin ta ajiye kwanukan ya fito da butar shayi tana tururi, ya kwarara wa marigayiyar tafasasshen ruwa a baki. Ta rufu kuwa. Ya juyo yana jiran yabo. Kafin ya ƙarasa kofinsa ruwan ya zama ƙanƙara, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya ja mariƙin, mariƙin ya biyo shi. Ya ɗauko ƙarfen cire taya ya ɓanɓare ta, gilashi ya tarwatse a kan kujera. Duk da haka bawan Allahn nan bai tsaya ba. Ya ce bari ya shigar da motar gareji ta ji ɗumi, ya yi baya da ƙofar a wangale, ginshiƙin gareji ya karɓe ta. Sautinta na ƙarshe ba irin wanda aka saba ji ba ne, kuma iyali sun roƙi kada a maimaita shi.

Gordie ya dubi gawar a kwance cikin dusar ƙanƙara, ya ce, "Da ma ai ta ruɓe." Lorraine na so a sani cewa ta ji wannan maganar, kuma ta adana ta.

A ranar miya ta huce, tsoho Friesen bai ci abinci ba sai bayan azahar. Da yamma Gordie ya shiga banɗaki ya bar makullin sabuwar motarsa ƙirar a-kori-kura a kan tebur. Lorraine ta ɗauke, tun daga lokacin da motar tasa take kai abinci. Kujerun fata ne, kuma miyar wake ba ta son kwana. Duk wanda ya ji ƙamshi a motar, kada ya yi mata jaje, ba kuskure ba ne.

Marigayiyar ta bar 'yan uwa ƙofofi uku, ɗaya ba ta buɗuwa sai ta waje, da madubin gefe wanda ya tsira da karaya, da uwar ɗakinta Lorraine. Gordie ya nemi a sa sunansa cikin masu makoki. An ƙi.

An shimfiɗe gawar a farfajiyar gidan Gordie, daidai inda masu wucewa za su gani, kuma matarsa Denise ta amince a bar ta nan. Masu ta'aziyya kada su wahalar da kansu da furanni. Ya isa su tsaya su tambaye shi yadda abin ya faru, ɗaya bayan ɗaya, kowa daga farko.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da sassafe a filin tsofaffin ƙarafa da ke bayan gari, inda Gordie zai nemo wata ƙofar, koriya, ya kwance ta da hannunsa. Masu hasashen yanayi sun ce za a yi iska. Shi zai tuƙa motar makoki, wato tsohuwar motar Lorraine, babu ƙofa, gawar na kujerar baya. Lorraine za ta ja gaba a motarsa da hita a kunne. Ta zaɓi doguwar hanya, kuma saboda girmama mamaciya, a hankali za a tafi.