Ranar da Na Zauna Sama da Surukina

Ko tsufa ya ruɗa ni, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na hakimce bisa kujera mai juyawa, surukina yana zaune ƙasa a kan siminti.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wata meri, wato ma'aikatar magajin gari, ta yankinmu na Matameye (ba zan kira sunanta ba, har yanzu can nake cin abinci). Mu huɗu ne a biro ɗaya, wato ofis, da fanka ɗaya mai juyawa kamar an yi mata dole. Sai aka tura ni Damagaram horon kwana uku kan tsimin kuɗi da amfani da wuri a gine-ginen hukuma. Wani mai kwat ya yi ta nuna mana hotunan ƙasashen da ba su san zafi ba, yana cewa duk ɗakin da ba kowa ciki asara ne. Muka ci kaji, muka tafa masa. Na dawo da takardar shaida da igiyar awo, kaina ya kumbura.

A ƙarshen barandarmu akwai wani ƙaton ɗaki a kulle, ba komai ciki sai tabarmi da randa da butoci. Kwana huɗu ina leƙawa ta taga, ko ƙadangare ban gani ba. Na rubuta rapor, wato rahoto: a saki shagon da ake haya don tsofaffin takardu, a kwaso su nan, a sa mutum ɗaya ya kula da su. (Mutum ɗayan nan ni ne. Ba tsimi ya dame ni ba, biro nake so ni kaɗai, da sunana a ƙofa.) Magajin gari sabo ne, yana ganin kalmar tsimi ya sa hannu.

Da maigadinmu Malam Sani zai miƙo mini makulli sai ya kira ni yadda ake kiran 'yan boko, ya ce, "Mushe, ka tambaya kuwa?" Na ce, "Baba, wannan aikin ilimi ne." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Abin da ban sa a rapor ba shi ne, shekara biyu ban taɓa zuwa aiki ranar kasuwa ba, kullum sai in ƙirƙiro wata fita. Ashe ranar ce masu garin ƙauyuka ke cika ɗakin, su sasanta rikicin gona da burtali, su yi azahar su watse. Kowa ya sani ban da mai takardar shaida.

Makon nan ɗokin sabon biro ya kawo ni ranar kasuwa. Ina cikin juyi a kujera sai na ji ana tuɓe takalma a ƙofa. Dattawa ne wajen ashirin, na gabansu Maigari Alhaji Ilu, mahaifin matata, mutumin da in na hango shi a hanya nake durƙusawa tun daga nesa.

Ya dubi kwalayen takardu har rufi, ya nemi tabarmi bai gani ba (na sa an kai su magaza, ɗakin ajiya). Ya tattara babbar rigarsa ya zauna dab da ƙafar teburina, sauran suka bi, waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya cikin rana. Na yunƙura in sauka ƙasa, teburi da kwalaye suka tokare ni. Ni na tsara hakan, don kada taƙi ɗaya ya tafi a banza.

Wani tsoho ya ce, "Alhaji, wane babba aka kawo mana?"

Ya ce, "Mijin Hadiza ne. An ce karatun ɗaki ya yo a Damagaram." Ya ɗago ya dube ni. "Yi zamanka, ɗana, kada mu ɓata maka awo."

Wallahi da ma zagina ya yi.

Magajin gari ya shigo da gudu yana ba da haƙuri, yana rantsuwa bai san da zancen ba. Kafin la'asar ni na kwashe kwalayen da kaina. Shagon kuwa tela ya riga ya kama, don haka aka jibge su inda teburina yake a tsohon biro, ni aka mayar da ni baranda.

Har yau in na je gaisuwa ƙauye, Alhaji sai ya sa a fito mini da kujera, su suna kan tabarma. Darasin da na koya bai kai kwana uku ba: kafin ka rubuta cewa ba a amfani da wuri, ka tabbata ba kai ne ba ka zuwa aiki ba.