Mai Noman Haki a Konni

Wani ne a Birnin Konni, mai sayar da cajar waya a bakin tasha. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Yamai, kuma wannan zuwan ne ya ja masa. Ya bi ta ƙofar wani otal, ya ga ƙasa kore shar, sumul kamar darduma. Sai ya tuɓe takalmi, ya ɗauka masallaci ne.

Mai gadi ya ce, "Malam, maida takalminka. Haki ne. Gazon aka ce mishi, shuka shi aka yi."

Gogan naka ya tsaya baki buɗe. Bai bar Yamai ba sai da ya sayi irin, ƙunshi guda.

Dama akwai abin da ke cinsa a rai. Surukinsa, wani tsohon manomi na Alela, tun ranar ɗaurin aure yake faɗi wai ya ba da ɗiyarsa ga mutumin da bai san gaban hauya da bayanta ba. Ga matar tasa, Badi'a, da ciki. Yana isa gida ya ce mata, "Sunan yaron ga bisa gazon za a yi shi. Baba shi taho shi gani da idonai ko na iya shuka."

Badi'a ta juya ƙunshin. "Ana cin shi?"

"A'a."

"Ana saida shi?"

"Kallon shi aka yi."

"To, Allah shi kyauta."

Tsakar gidan kuwa marmara ce zalla. Ya kai mata sara da diga, wuta ta tashi, digar ta dawo ta gaishe shi a ƙauri. Da ɗingishi ya tafi wurin Mamane mai tifa, ya ce ƙasa yake so, mota guda.

"Wace iri?" in ji Mamane.

"Ƙasa har iri gare ta?"

"Akwai ta gini, akwai ta shahe, akwai ta cike rami."

"Mai laushi nika so. Wadda in mutum ya zauna bisa, ba ya son tashi."

Mamane ya ce an gama. Da hantsi ya kawo yashi, ya juye shi tsaf a bakin ƙofa, maigida na ciki yana karin kumallo. Ranar ta katanga ya fita, kamar wanda ya shiga sata gidan kansa. Ya yini yana jidar yashi da kwanon wanka. Ya baje, ya watsa iri, ya ja tiyo daga pampo ya sake ruwa. Yashi ya shanye. Ya ƙara. Yashi ya shanye, ko gyatsa bai yi ba. Haka ya yi ta yi safe da yamma, ko tsinke bai fito ba. Sai ga maƙwabcinsa na bayan gida ya yi sallama, da fara'arsa.

"Godiya na taho yi. Rijiyata da ta ƙahe tun bara, yau ta kawo ruwa."

Ya koma wurin Mamane a fusace. "Wagga ƙasa taka ɓarauniya ce! Ka kawo min wadda ka riƙe ruwa, ko ɗigo kada ta saki."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo!"

Mamane ya nufi fadama ya ciko tifa da laka, baƙa ƙirin, har da kwaɗinta a ciki. Gogan ya shimfiɗa ta bisa yashin, ya sake mata ruwa. Wannan karon ruwa ya tsaya cak. Ya yi murmushi, ya ɗauki iri ya taka zuwa tsakiya don ya watsa. Taku na farko, laka ta karɓi takalmi. Bai ankara ba ta kai shi gwiwa.

"Badi'a! Badi'a! Ƙasa ta kama ni!"

Ta leƙo daga madafa. "Ba kai ka ce kada ta saki ba?"

Sai da ta kira maƙwabta. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, maza suka ja, "Haya! Haya!" Ya fito fit, wando ya zauna a can.

Da rana ta buɗe, laka ta bushe ta tsage. Ɗan tsako ya faɗa a tsaga ɗaya, ana jin kukansa ba a ganinsa. Wata mai ginin tukwane ma ta yi sallama, wai ta ji labari an buɗe sabon ramin yumɓu a unguwa.

Yana zaune ya rafka tagumi sai ga Manu, wani Bafulatani na wajen Dogarawa da ya kawo masa ragon suna. Manu ya dubi tsakar gida, ya murza ƙasar da yatsa.

"Ƙasarka yunwa taka ji. Ba ta abinci."

Manu na juya baya, gogan ya shiga madafa ya ɗauko tuwon da aka aje masa, ya juye mata, har da miyar kuka. Washegari ya dama mata fura. Kajin unguwa suka yi sallah. Da Manu ya dawo ya ji, sai da ya dafa katanga don dariya.

"Taki, bawan Allah! Kashin shanu!"

Ya aiko masa da shi cike da amalanke, ɗanye, yana tururi. Ƙudajen Konni kaf suka tare a gidan. Badi'a ta fito da mayafi toshe da hanci.

"Malam, ko ka binne abin ga yau, ko ni in tahi gidanmu in haihu."

Tsoro ya kama shi. Ya ɗau shebur ya hau tono, yana tura taki ƙarƙashin laka, yashi na tasowa sama, yana sake dannawa. Ya juya, ya juya, har ba a gane wanne ne wanne. Sauran irin da ke hannunsa ya yi jifa da shi don haushi, ya rantse ya bar noma har abada.

Sai ruwan sama ya sauka. Wata safiya ya fito da buta, ya ga ƙasa ta yi kore. Ya murza ido. Haki ne, lallausa, sak na Yamai! Ya fasa ihu har liman ya aiko a tambaya ko an haihu ne.

Daga ranar gida ya zama na haki. Ba mai takawa. Mai zuwa madafa sai ya bi jikin katanga a karkace. Da almakashi yake yi masa aski, yana rarrafe. Ragon suna kuwa gidan maƙwabci aka kai shi zama, yana leƙowa ta katanga yana hawaye.

Badi'a ta sauka lafiya, namiji. Ana gobe suna, gogan ya tafi kasuwa sayen goro da dabino, yana tafe yana tsara inda zai zaunar da surukinsa. Da ya dawo, ya ga amalanken Alela a ƙofar gida. Ya ga kuma ragon nan a gefe, an tula masa wani abu kore, yana ci yana lumshe ido. 

Ya shiga. Tsakar gida fes, an share har an yayyafa ruwa. Ko ƙwayar haki babu. Ga tsoho tsaye ya dogara da hauya, gumi na zuba, ga 'ya'yansa maza, ƙarti biyu, suna karkaɗe hannu.

"A'a, ɗana, ka dawo? Kada ka ce komi, yi wa kai ne. Mun iske gida ya zama daji, ita kuma tana ɗaka wurin wankan jego. Na ce subhanallahi, gobe baƙi su taho su ga gidan ɗiyata awa kango? Amma hakin ga naka da taurin kai shike. Sai da munka bi shi har saiwa."

Ƙunshin goro ya suɓuce daga hannun gogan. Ya durƙushe gaban tsoho.

"Baba... shuka shi na yi."

"Mi?"

"Shuka shi na yi. Irin daga Yamai na sawo shi. Ƙasar ma sayenta na yi."

Tsoho ya dubi 'ya'yansa. Ya dubi hauya. Ya dubi surukin nasa tun daga hula har ƙafa, ya daɗe. Sannan ya dafa kafaɗarsa.

"To bar kuka, ɗana. Gonata ta Alela cike take da shi, ya kai ni ƙugu. In an watse suna ka taho da hauya ka girbe abinka duka, na bar maka duniya da lahira."