Ranar da Na Yi Ta Kashe Kwamfutar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Kawu Alhaji ya buɗe shagon intanet ɗinsa a Sabangali ba, lokacin da irin waɗannan shaguna suka fara shigowa N'Djamena. Ni ya zaɓa in riƙe masa wurin, don na ɗan yi kwas na kwamfuta. Da ya tambaye ni ko zan iya, sai na ce masa ai wannan wasan yara ne.

Ana gobe buɗewa, wani ɗan Kamaru mai suna Gaston ya tsallako daga Kusiri ya haɗa kayan. Akwai uwar kwamfuta a lungu, ita ke raba wa sauran intanet. Ba hoto, ba komai, baƙin allo ne kawai da ake rubuta wa umarni. Gaston ya buga wani dogon layi, nan take duk suka kama. Ya ce in kwafe shi a takarda, domin kafin ya dawo ya ƙarasa saitin, duk lokacin da aka kunna ta sai an sake ba ta shi. Ni kuwa na riga na hango dabarar: in ka danna maɓallin kibiyar sama, umarnin ƙarshe yana dawowa da kansa. Na ce masa ya bar zancen takarda, injin ya haddace. Ya buɗe baki zai yi bayani, na ce na sani (wallahi ban ma san me zai ce ba). Muka bar ta a kunne.

Washegari shago ya cika da abokan Kawu na kasuwa, ga liman, ga shayi. Wani dattijo daga unguwar Habbena har ya zauna zai ga saƙon ɗansa da ke karatu a waje. Ana shafa fatiha aka ɗauke wuta. Ba wanda ya damu, mun saba. Aka tada gurup, wato janareta. Na taka zuwa lungu ina gyara wuyan riga, na kunna uwar kwamfutar, na danna kibiya, na tura umarnin ina murmushi ga baƙi, ban ko kalli allon ba. Rubutu ya gangaro, sai kwamfutar ta mutu ɗif.

Na ce wutar ce ba ta zauna ba. Na sake kunnawa, na sake dannawa, ta sake mutuwa. Na ɗora wa gurup laifi, alhali ga fanka na juyawa bisa kaina. Na koma na ce zafi ne, wani bawan Allah ya shiga yi mata fifita. Liman ya matso ya tofa mata addu'a. Ni dai kaina ya ɗaure, gumi har cikin takalmi, ban san sau nawa na maimaita ba.

Kawu, wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba, yana tsaye a bayana. A hankali ya ce, "Ɗana, ni dai abin da na gani, lafiyarta ƙalau har sai ka sa mata hannu."

Sai a lokacin na karanta allon. Kalma ɗaya ce 'yar ƙarama, wato umarnin kashe inji. Na yi ta danna kibiya sama, tsofaffin abubuwa kawai ke fitowa. Layin Gaston babu shi babu alamarsa. Na ji kunya kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Kafin a ɗauko Gaston a babur, baƙi sun watse, dattijon Habbena ya tafi bai ga saƙon ɗansa ba. Gaston ya ce kwamfutar a ka take riƙe umarni, ba ta rubuta su a fayil sai an rufe ta yadda ya kamata. Ɗauke wuta ya tafi da na jiya duka. Abin da nake ta dawowa da shi kuwa, shi ne na ranar da ya kashe ta a shagonsa don ya ɗauko ta. Ya ƙara wani layi a saitin, ta koma adana kowane umarni nan take.

Kawu bai kore ni ba (da ma korata ya yi). Ya kira kafinta ya yi wa lungun akwati da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihunsa. Haka na zama manajan shagon kwamfuta da aka hana taɓa kwamfuta. Na dai koyi cewa in abu ya mutu a hannuna, in fara duba yatsana kafin in zagi masu wuta.