Nomau da Taswirar Gida Ɗaya

A Gangaren Ɗorawa, can unguwar Tsallake da ke bayan kwazazzabo, akwai wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Gidansa ɗaki biyu ne da rumbu, sai matarsa Dela da akuyarta mai ƙaho ɗaya. Nomau ba ya ƙarya, ba ya faɗa. Aibinsa guda ne: in ka ce masa tsaya nan, to don Allah ka tuna ka dawo ka sallame shi, in ba haka ba damina a wurin za ta same shi. Dela ta saba da halinsa. Abin da ta kasa sabawa da shi tulu ne. Sau uku take gangarawa rafi kullum, ga gwiwa ta fara ƙi, in ta sauke tulun sai ta jima dafe da bango. Nomau yakan karɓe ta in ba ranar gona ba ce, amma abin yana cin ransa ƙwarai.

Wata rana jami'in wata ƙungiya ya zo da albishir, ya ce za a haƙa wa garin rijiyar burtsatse, amma guda ɗaya tak. Ya ce, "Akwai taswira a intanet, kyauta ce, jama'a ne suke zana ta da kansu. Ku je shagon kwamfuta a birni, a ja akwati a kewaye garinku, a sauko da gidajen da ke ciki. Inda gidaje suka fi yawa, nan za mu haƙa." Bai gama tayar da babur ba aka fara ƙus-ƙus. Kyauta? A wannan zamanin? Wasu suka ce wallahi ƙidayar haraji ce aka sa mata sabuwar riga. Mutanen Tsallake suka ce in ɗan gidan mai unguwa Cindo ya je, to a zaurensa rijiyar za ta tsiro. Mai unguwa ya ce bai yarda da Malam Isuhu na firamare ba, don surukin Tsallake ne. Aka rasa wanda kowa ya amince da shi, sai aka waiwaya aka ga Nomau yana tsaye inda aka ce ya tsaya tun safe. Aka ce ga ɗan aike.

Wata rana, kafin ya hau mota, mai unguwa ya ja masa kunne: "Mutanen birni mayaudara ne. Duk abin da aka gaya maka, kada ka yarda sai ka gani da idonka." Nomau ya isa shagon wata mata mai suna Uwani, ta buɗe masa taswira. Ga masallaci, ga gidan mai unguwa, ga layin gidaje reras. Amma tsallaken kwazazzabo fari fat, ko bukka babu.

"Ina gidana?"

"Malam, nan babu gida ko ɗaya," in ji Uwani, "ba a riga an..."

Ai bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya fita a guje ya tari mota. Yana isa ya shafa bangon ɗaki, ya ƙwanƙwasa rumbu, ya taɓa Dela a kafaɗa. Sai ya tuna taswirar daga sama take kallon gari, ya ɗare kan ɗorawa yana leƙen gidaje ɗaya bayan ɗaya. Matan unguwa suka sa salati, maza suka fito da sanduna. "Munafuki! Dama mun ce mai unguwa ya saye shi!" Da ƙyar Dela ta sauko da shi, riga a yage, yana ta faɗin, "Gidan yana nan, na gani da idona." Labarin cewa Tsallake ba ta kan taswira ya kai kunnen mai unguwa, ya shafa gemu.

Wata rana Malam Isuhu ya kira shi bayan makaranta, ya damƙa masa filashi, ɗan abin nan kamar ɗan yatsa da ake zuba bayanan kwamfuta a ciki. "A nan za a sa taswirar. Kada ka ba kowa, ko wane ne, ka ji ko?" Nomau ya ce ya ji. Uwani ta ja akwati a kan garin, ta sauko da gidaje, ta miƙo hannu.

"Kawo filashin."

"A'a."

"To a ina zan zuba?"

"Zuba daga nan, ina riƙe."

Ta yi lallashi, ta yi bayani, har ta rantse. Shi kuwa yadda ta nace ɗin nan ne ya ƙara sa shi zarginta. Da ta matso sai ya jefa filashin a baki ya kumbura kunci. Haka ya wuni a bencinta ba ya amsa ko sallama, ya koma gida da abinsa jiƙe sharkaf, babu komai a ciki. Malam Isuhu ya ce lalle akwai hannun mai unguwa a wannan abu.

Wata rana, ana gobe jami'in zai dawo, mai unguwa ya shigar da Nomau zaure ya tura ƙofa. Ai ka san mutum, an ba shi unguwa yana neman ƙofar gida. Ya ce, "Wannan karon takarda za ta buga maka. Gidana ya zama a tsakiyar akwatin. Duk abin da ba nawa ba, babu ruwanka da shi. Kuma kada ka kuskura ka ce ni na sa ka." Nomau ya tuna gwiwar Dela, idonsa ya ciko, amma an riga an faɗa. A shago ya tsaya a kan Uwani: "Matse. Ƙara matsewa. Wannan masallaci ne, ba nasa ba ne, fitar." Uwani ta ce, "Malam, ka tabbata?" Ya ce, "Wancan lungun ma na maƙwabcinsa ne."

Washegari gari ya taru. Jami'in ya warware takarda, ya juya ta, ya sake juyawa. Gida ɗaya ne tilo a tsakiya, kamar ƙuda a faranti.

"Garin ke nan? Wa ya ce ka ja akwatin haka?"

Nomau ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, an ce kada in ce mai unguwa ne."

Sai wata tsohuwa ta kwashe da dariya. Jami'in ya ninke takardar ya ce daga yau bai yarda da taswirar kowa ba, da ƙafarsa zai ƙirga. Ya bi gida gida, ya haura kwazazzabo, ya tarar da gidajen Tsallake, waɗanda ba a taɓa zanawa ba, sun ninka na cikin gari. Kafin shuka aka haƙa rijiya, taku talatin daga ƙofar Dela. Ranar da ruwa ya fito ta tara hannu ta sha, ta fashe da kuka.

Tun daga nan zargin garin ya koma kan Nomau kacokan. Wasu na cewa dama ba wawa ba ne, shekara da shekaru yake yi musu lamɓo. Mai unguwa ya fi kowa yarda da haka, in ya hango shi sai ya sauya hanya. Nomau kuwa ganin ana gudunsa ya tabbatar masa ya yi laifi. Ran juma'a ya tare shi a bakin masallaci, ya durƙusa a gaban jama'a.

"Allah ya ja zamaninka, na yi iya ƙoƙarina. In akwai wani ɓangare na gidanka da na bari a waje, a yi mini afuwa."