Allurar da na guje wa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da wuyana ya ƙage ba, ni da na haura sittin, ina rawar jiki a gaban 'yata da surukina.

Abin ya faro ne da fitsari. Kullum da safe sai ya fito baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta, ga kasala, ga ido ya yi rawaya. Bayan yawon asibiti, wata likita (sa'ar 'yata Falmata ce) ta gano cutar. Ni da karatuna bai wuce aji uku ba, sai ta yi mini misali. Ta ce a cikin jini akwai wasu 'yan sintiri masu kama ƙwayoyin cuta, to nawa sun ruɗe, jinina suke fasawa. Akwai magani da ake sawa ta ƙarin ruwa, yana ɗaure musu hannu. Surukina Bukar, mijin Falmata, shi ya yi faɗi-tashi har aka samo shi daga waje.

"Amma Baba," in ji likita, "su ne kuma masu tare sanƙarau. In muka ɗaure su, ƙofa a buɗe take. Dole ka yi rigakafi kafin mu fara. Kuma duk ranar da ka ji zazzaɓi ko wuya ya ƙage, ko salla kake ka sallame ka taho."

Na kai zancen majalisarmu ta unguwar Bolori. Abokina tun muna samari, wanda muke kira Ba Modu, ya matso kunnena ya ce, "Wannan allurar, ka sani, kwantar da namiji take yi. Daga ranar kai da matarka Hajiya kun zama wa da ƙanwa."

Na je ɗakin rigakafin, na leƙa, na koma gindin dogon yaro na ci gyaɗa. Da likita ta nemi kati, na ce Hajiya ta wanke shi a aljihun riga. Har hannu na dafe ina yamutsa fuska, wai wurin allurar na zafi. Ta dubi furfurata ta yarda. (Furfura ta sha rufa wa maƙaryata asiri.)

Magani ya karɓe ni, fitsari ya washe. Sai ran nan na tashi jiki zafi rau, kai na sara, wuya ya ƙi juyawa. Na taɓa ganin mai sanƙarau ina yaro: da hantsi yana magana, kafin la'asar an kai shi. A cikin keke Napep salati kawai nake, Falmata na riƙe da kaina tana cewa, "Baba kwantar da hankalinka, ai ka yi rigakafi." Kowace kalma tata kamar ana haƙa mini kabari.

A asibiti likita ta taɓa wuyana, ta ce, "Allah ya sa dai an yi rigakafin."

Na dubi Bukar, wanda ko abinci ba ya iya ci a gabana. Na dubi silin. Mutuwa ta fi kunya nauyi.

"Ban yi ba."

"Saboda me, Baba?"

"An ce tana... kwantar da namiji."

Bukar ya tuna yana da kira a waje, alhali wayarsa tana hannun Falmata. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Likita ba ta yi dariya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Nan take aka ɗaura mini maganin ƙwayoyin cuta, ta ce sai an ɗebi ruwan ƙashin bayana an auna. Aka naɗe ni kamar tabarma. Allurar da aka fito da ita, ta rigakafin jikarta ce.

Sakamako ya fito: zazzaɓin sauro ne. Wuyan kuwa, sai da likita ta matsa na tuna cewa shekaranjiya na ɗauki buhun shinkafar Zabarmari a ka, don Ba Modu ya ga har yanzu da sauran ƙarfina.

Da na warke, Falmata da kanta ta raka ni rigakafi, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi. Bukar har yau ƙasa yake kallo in mun gaisa. Ni kuma na koyi cewa shawarar majalisa kyauta ce, amma bayanka ne zai sha allurar. Ba Modu kuwa, ashe ya yi rigakafinsa tun bara.