Rabi Mutum, Rabi Doki

Ba zan taɓa mantawa da aikin da na yi wa wani Bagirke ba, a shekarun saba'in, lokacin ina mai zane a wata ƙaramar maɗaba'a a unguwar Bagdadiyya da ke Jidda. Mai wurin, Ammu Salihu, Bahaushen Sudan ne, kuma yakan ce duk Jidda babu mai hannuna. (Ni ma haka nake gani, shi ya sa ban taɓa yi masa musu ba.)

Wata safiya Bagirken ya shigo, injiniya ne a tashar jiragen ruwa. Matarsa tana koyar da 'ya'yan mutanensu a gida, tana son a zana musu halittun tatsuniyoyin ƙasarsu, zane kawai ba launi, yaran su cika da kansu. Da guntun Larabcinsa ya lissafa: doki mai fukafukai, mace mai gashin macizai, ƙato mai ido ɗaya, sai wani "nus rajul, nus husan", wato rabi mutum rabi doki.

Ya ce gobe zai kawo littafi in ga kamanninsu. Na ɗaga masa hannu. "Ma fi mushkila, ya hawaja," na ce, wato ba matsala, yallaɓai. "Ka bar littafinka. Ni ba na kwaikwayon zanen kowa."

Ammu Salihu ya ce da Hausa, "Ɗana, ka bari ya kawo mana."

"Ammu, doki ne fa da mutum. Wanne ne ban sani ba?"

Uku na farko suka fito tsaf. Macizan nan har kitso na yi musu. Da na zo kan na huɗun sai na tsaya ina tunani. An ce rabi, ni kuwa mutum ne mai adalci, don haka na ɗauki rula na ja layi daga tsakiyar goshi har ƙasa. Gefen dama mutum, gefen hagu doki. Kunne ɗaya gajere, ɗaya a tsaye. Ƙafa ɗaya ta mutum, biyu masu kofato. Ƙafar mutumin har takalmi na sa mata, saboda zafin ƙasa. Ban nuna wa kowa ba, na ce wa mai inji, "Yalla, buga." Aka buga tuli guda.

Ranar karɓa ya zo da matar. Ta yaba dokin, ta yaba macizan, ni kuwa ina ta gyara hula. Da ta kai kan na huɗu sai ta ƙura masa ido. Ta juya takardar a kaikaice, ta sake juya ta. Sai dariya ta ƙwace mata har ta zauna kan damin takardu tana share hawaye. Mijin bai yi dariya ba. Ya ce wannan halittar, a labarinsu, wani malami ne mai hikima da ya tarbiyyantar da jarumai.

Ammu Salihu ya sa tabarau ya duba. "Ɗana, wannan malamin, mota ce ta bi ta kansa?"

Matar ta ciro littafin nan daga jakarta ta buɗe mini. Ashe daga ƙugu zuwa sama ne mutum, sauran jikin doki da ƙafafunsa huɗu cif. Na rasa inda zan sa fuskata, sai na ji bakina yana cewa, "Ai namu na nan haka suke." (Har yau ban san su wa nake nufi ba.)

Na sake zanen a gabansu, suka karɓa. Ammu bai kore ni ba, amma ya yi abin da ya fi kora: ya ba mai soya ta'amiyya, wato ƙosan Larabawa, na Hindawiyya, unguwarmu, takardun da suka lalace yana naɗe wa mutane. Da sa hannuna a ƙasan kowace. Wata guda duk wanda ya sayi ta'amiyya sai ya tare ni yana tambayar lafiyar malam mai kofato.

Tun daga nan, ko kankana aka ce in raba biyu, sai na tambaya: a tsaye ko a kwance?